Hujin Sanda a Saman Kunne: Amsa ga Wata Ƙanwata a Jidda

Tambayar ta fito daga wata budurwa mai shekara 23, haifaffiyar Jidda, wadda take son a yi mata hujin nan na saman kunne da ake zura sanda guda ta ratsa huji biyu, wanda masu sana'ar suke kira indastiriyal. Ta ce saura wata biyu a yi bikin yayarta, tana son ta shiga biki da shi, kuma akwai saidaliyya, wato kantin magani, a unguwarsu da ake huda kunne da bindigar huji a kan kuɗi kaɗan. Ta ƙara da cewa tana sa niƙabi idan za ta fita, sannan wata gwaggonta tana da ƙullutun tabo a bayan kunne tun lokacin da aka yi mata huji na biyu. Tana son ta san ko za ta iya yi, a ina ya kamata ta yi, da kuma yadda ake kula da shi.

Ƙanwata, a matsayina na likitar kunne da hanci da maƙogwaro, zan fara da ba ki amsar a taƙaice kafin in shiga bayani. Kada ki bari a yi miki wannan huji da bindiga ko a ina ne, kada ki yi shi saura wata biyu biki, kuma kada ki yanke shawara sai likitan fata ya duba ki saboda maganar gwaggonki. Hujin da kike nufi rauni ne biyu a cikin guringuntsi waɗanda za ki yi jinyarsu wata 6 zuwa shekara guda, wani lokacin ma fiye da haka, ya sha bamban da hujin da aka yi miki kina jaririya.

Yadda ake yin sa shi ne a huda gefen kunne na sama ta gaba, kusa da inda kunne ya haɗu da kai, sannan a huda gefen baya a ɗan ƙasa, a zura miƙaƙƙiyar sandar ƙarfe mai ɗan dunƙule a kowane kai ta haɗa su. Kaurin sandar yawanci milimita 1.6 ne, wato abin da masu sana'ar suke kira lamba 14, tsawonta kuwa yakan kama daga milimita 32 zuwa 38 gwargwadon faɗin kunnen. Wani mai huji a Amurka, Erik Dakota, shi ne ya fito da shi a farkon shekarun 1990, daga nan ya bazu har ya iso wayoyin 'yan matanmu. Idan kika kwatanta kaurin nan da siririyar allura da zaren da iyayenmu suke huda kunnen jarirai da su, kafin daga baya a sa tsinke ya riƙe hujin, za ki ga tazarar da ke tsakani.

Babban bambancin yana cikin naman da ake hudawa. Ƙasan kunne mai laushi, inda muka saba sa 'yan kunne, fata ce da kitse cike da jijiyoyin jini, shi ya sa yakan warke cikin mako 6 zuwa 8, kuma ko ƙwayar cuta ta shiga jini yana isa wurin da sauri ya yaƙe ta. Guringuntsi kuwa ba shi da jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa. Wani siririn tantani ne da ya lulluɓe shi gaba da baya yake ciyar da shi, kamar gonar da ba ta da rijiya sai abin da ya tsatso mata daga maƙwabta. Saboda haka yana jinkirin warkewa, magani ma yana wahalar isa gare shi, kuma idan mugunya ta taru tsakanin tantanin da guringuntsin ta raba su, abincinsa ya yanke ke nan, sai ya fara mutuwa. Guringuntsin da ya mutu ba ya sake tsirowa. Abin da yake maye gurbinsa tabo ne mai tauri wanda yake takure kunnen ya lanƙwasa shi, kuma gyaran wannan sai da tiyata mai wahala wadda a wasu lokuta sai an yanko guringuntsi daga haƙarƙarin mutum. Duk sauran shawarar da zan ba ki daga wannan bayanin ta samo asali.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanci wannan huji, wato kasancewar raunuka biyun a ɗaure suke da juna. Duk abin da ya taɓa kai ɗaya na sandar yana girgiza ɗaya kan, kuma idan aka sami kuskure kaɗan a saitin hujin biyu, sandar za ta riƙa jan su dare da rana, su ƙi warkewa. Ba kowane kunne ba ne ma yake karɓarsa. Dole gefen kunnen ya kasance ya naɗe sosai yadda akwai naman da zai riƙe sandar, kuma tsakiyar saman kunnen ya kasance a kwance yadda sandar za ta wuce ba tare da ta kwanta a kansa ba, domin idan ta kwanta za ta riƙa cin fatar a hankali har ta yi mata rami. Gwanin mai huji yakan kama kunnen ya duba shi ta gaba da baya, ya ɗiga alama biyu, ya gwada sandar a kansu kina zaune a miƙe, kuma ba ya jin nauyin ce miki kunnenki bai dace ba. Wanda ya ce kowane kunne yana yi, ki tashi ki ba shi wuri.

Maganar gwaggonki ita ta fi tsaya mini a rai. Ƙullutun da kika kwatanta yana kama da abin da muke kira kiloyid, tabon da yake ci gaba da girma har ya zarce iyakar raunin da ya haife shi, mai tauri da sheƙi, wani lokacin da ƙaiƙayi ko zafi. Ya fi yawa a cikin masu baƙar fata, yana bin dangi, kuma kunne yana daga cikin wuraren da ya fi so. Wani ƙaramin bincike da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna ya fi fitowa ga waɗanda aka huda bayan sun kai shekara 11, saboda haka kasancewar hujinki na jarirantaka ya warke lafiya ba hujja ba ce cewa wannan ma zai warke haka. Maganinsa allurar sitiroyid ce da ake yi a cikin tabon sau da yawa a jere, da danne shi, da mannin silikon, kuma idan aka yanke shi kawai ba tare da an haɗa da wani magani ba yakan dawo, sau da yawa ya fi na da girma. Ki duba jikinki da kyau, musamman tabon rigakafi a damtse, da inda ƙuraje suka taɓa fito miki a ƙirji ko kafaɗa ko muƙamuƙi. Idan akwai wanda ya taso ya yi tudu bai kwanta ba, ra'ayina shi ne ki haƙura da wannan huji gaba ɗaya, kada garin neman gira a rasa ido. Idan babu, haɗarin bai gushe ba amma ya ragu, sai ki auna tare da likitan fata.

Game da bindiga, illarta iri biyu ce. Ba yanka take yi ba, tura ɗan kunne mai dakusasshen baki take yi da ƙarfin tsiya, wanda yake iya farfasa guringuntsi, sannan jikinta na roba ne, ba ya jure zafin na'urar da ake turara kayan aikin asibiti, sai dai a goge ta da auduga a ɗora wa mai biye. A shekarar 2000 an sami ɓarkewar ciwon kunne a jihar Oregon ta Amurka daga wani shagon kayan ado da yake huji da irin wannan bindiga. An bi diddigin mutum 118, aka tabbatar da cewa 7 sun kamu da ƙwayar cutar da ake kira Sudomonas, kuma dukkansu a guringuntsin sama aka huda su, ba a ƙasan kunne ba. An gano ƙwayar har a cikin kwalbar maganin feshin da ake ta ƙara wa ruwa ana sake amfani da ita. Ban da wannan duka, bindiga ba za ta iya saita huji biyu a layi ɗaya ba, kuma ɗan kunnenta siriri ne, sandar ba za ta shiga ba.

Abin da za ki nema shi ne asibitin fata ko wurin huji mai lasisi inda akwai mace gwana da ta saba da wannan aikin musamman, kuma ki roƙi ta nuna miki hotunan waɗanda suka warke, domin na ranar huji kowa nasa yana da kyau. Ki tabbatar an yage ledar allurar a gabanki, allura mai rami a ciki wadda ake amfani da ita sau ɗaya a jefar, an fito da sandar daga cikin takardar da aka turara ta a na'urar otokilef, an wanke hannu an sa sabuwar safar hannu. Wannan ba tsanani ba ne, domin ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau duk suna bin kayan da jini ya taɓa. Ƙarfen da na fi yarda da shi shi ne taitaniyom na dashe a jiki, mai lambar ASTM F136, saboda ba shi da nauyi kuma ba ya ɗauke da nikel, ƙarfen da yake sa fatar mata da yawa ƙaiƙayi da ƙuraje. Zinare mai karat 14 ko 18 yana yi idan an ƙera shi domin huji, amma namu na kasuwa mai karat 21 ya yi laushi da yawa a matsayin doguwar sanda, wanda aka shafa wa ruwan zinare kuwa yana ɓarewa a cikin rauni, azurfa kuma tana baƙanta fata. Ki zaɓi sandar da zaren murɗinta, wato tsagar da ake murɗa ɗan dunƙulen da ita, yake a ciki, domin mai zare a waje tana kankare raunin duk lokacin da aka zura ta. Kunne ɗaya kawai za a huda, wanda ba kya kwanciya a kansa.

Wata biyu kafin biki shi ne mafi munin lokaci. A lokacin kunnen yana nan da ɗanyen rauni, ga kitso, ga ɗaurin ɗankwali mai matsewa, ga turare da feshin gashi, ga rungumar 'yan uwa, ga rashin barci. Haka nan zafi da gumin Jidda daga Yuni zuwa Satumba ba sa taimako, gara a yi shi cikin watannin sanyi, a lokacin da ba ki da niyyar shiga cunkoson Umrar azumi ko aikin Hajji a 'yan watannin da za su biyo, domin a ɗawafi ba wanda yake ganin kunnenki a ƙarƙashin mayafi, kuma jan mayafi sau ɗaya ya isa ya yaga hujin gaba. Mai juna biyu, da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, da mai shan maganin tsinka jini, da wadda garkuwar jikinta ta yi rauni, su dakata. Mai sikila ko ciwon zuciya ta tuntuɓi likitanta tukuna. Wadda take shan maganin ƙurajen fuska na Roaccutane, wanda ya yawaita a tsakanin 'yan mata a nan, ta jira sai ta gama shi da wasu watanni.

Kula da shi ba ta da yawa, haƙurin ne mai yawa. Ki sayi ruwan gishiri na asibiti mai ƙarfin kashi 0.9 cikin ɗari, wanda za ki tambaya a saidaliyya da sunan mahlul milhi, ki fesa ko ki ɗiga a kan hujin biyu gaba da baya sau biyu a rana bayan kin wanke hannu da sabulu, ki bari ɓawon da ya bushe ya jiƙa ya saki da kansa, sannan ki tsane wurin da shash, wato ƙyallen ɗaure rauni na asibiti, mai tsabta. Auduga tana barin zare a jikin sandar, tawul kuma yana maƙale ta. Kada ki juya sandar, kada ki tura ta gaba da baya, duk da an gaya mana tun muna yara cewa idan ba a juya ɗan kunne ba zai manne. Juyawar tana yage sabuwar fatar da take ƙoƙarin shimfiɗuwa a cikin ramin, tana kuma jan datti ciki. Tsanewa tana da muhimmanci ƙwarai, domin Sudomonas tana son laima, shi ya sa ba za ki shiga tekun Abhur da ke arewacin Jidda ko wurin ninkayar istiraha, wato gidan shaƙatawa, ba har sai an yi watanni.

Za a kawo miki magunguna daga kowane ɓangare, kuma da kyakkyawar niyya za a kawo su: man zaitun, man habbatussauda, man kaɗanya, man shanu, Dettol, sifirit, har da man goge baki. Kada ko ɗaya ya taɓa wurin. Masu maiƙon suna toshe ramin su riƙe datti da gumi, masu zafin kuma suna kashe sababbin ƙwayoyin naman da suke haɗa raunin tare da ƙwayoyin cutar. Humra da sauran turaren da muke shafawa a bayan kunne su koma wuya da hannu, man saki da rinin gashi kuma a jinkirta su.

Niƙabinki shi ne abin da bayanan da kika gani a intanet ba za su gaya miki ba, domin ba da mu aka rubuta su ba. Igiyar niƙabi tana bi ta saman kunne daidai inda hujin gaba yake, hular ciki tana danne kunnen ta manne shi da kai, mayafi kuma yana riƙe zafi da gumi na sa'o'i. Matsi shi ne babban abokin gabar wannan huji, ya fi datti yawan jawo matsala. Idan kin yi shi, ki ɗaura niƙabin a kan mayafi, igiyar ta bi can sama da kunne, ki bar hular ciki mai matsewa, ki zaɓi mayafin auduga mara raga da duwatsu, ki yafa shi sakwa-sakwa, ki riƙa canza shi kullum. Wurin cirewa ki sa tafin hannu ki kare kunnen kafin ki zame mayafin. Idan aikinki ko karatunki yana sa ki wuni da niƙabi da tabarau ko takunkumi, to ki sani warkewar za ta ja lokaci, kuma wannan kaɗai dalili ne da ya isa a sake tunani. Da dare ki yi amfani da matashin wuya na matafiya, ki sa kunnen a cikin raminsa, ki riƙa sauya rigar matashi. Waya ta koma ɗaya kunnen, mai kitso kuma a gaya mata tun kafin ta ɗauki mataji.

Ta fuskar alwala, shafar kunne sunna ce a mazhabar Malikiyya da muka taso a kanta, Hanbalawa kuwa suna ɗaukarta wajibi a matsayin ɓangaren kai. A likitance babu laifi ki shafa a hankali da jiƙaƙƙen yatsa mai tsabta ba tare da kin motsa sandar ba, a wanka ma ki bar ruwa ya gudana a kansa sannan ki tsane. Hukuncin hujin kansa na malamai ne. Mafi yawansu sun halatta wa mace huda kunne domin ado, suna kafa hujja da hadisin ranar Idi da mata suka riƙa jefa 'yan kunnensu a tufar Bilal, amma suna gindaya sharaɗin rashin cutarwa, saboda haka idan za ki tambayi malami ki faɗa masa gaskiyar haɗarin da na zayyana miki.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe fiye da komai idan har kin yi. A mako na farko da na biyu kumburi da ɗan ja da zugi abu ne da aka saba, haka nan farin ruwa ko mai ɗan rawaya da yake bushewa ya yi ɓawo a jikin sandar zai yi ta fitowa na watanni, kuma ba mugunya ba ce. Alamar haɗari ita ce ciwon da yake ƙaruwa maimakon raguwa, musamman tsakanin mako na biyu da na huɗu. Waɗanda suke zuwa mana da shi za ki ga saman kunnen ya kumbura ya yi sheƙi, lunguna da tudun kunnen sun shafe sun zama sumul, yana da zafi a hannu, ba ya taɓuwa ko da gefen mayafi, amma ƙasan kunnen mai laushi yana nan lafiya ƙalau, domin shi ba shi da guringuntsi. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu, saboda haka ki dogara da zafi da kumburi da sheƙi. Idan aka haɗa da mugunya mai kauri, kore ko rawaya, mai wari, ko zazzaɓi, ko ɗan dunƙulen ya fara nutsewa cikin nama, ki tafi sashen gaggawa a ranar, kada ki jira gobe. Idan dare ne kina shakka, ki kira 937 na Ma'aikatar Lafiya ki yi magana da likita.

Kada ki cire sandar da kanki a wannan hali, domin bakin ramin yana iya rufewa ya kulle mugunyar a ciki, likita ne zai ga ko a cire ko a bari. Kada kuma ki sha ragowar maganin da ke gida. Tun 2018 aka tsaurara hana sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da takardar likita ba a ƙasar nan, kuma ko da kin samu, irin su amoksisilin da Augmentin ba sa kashe Sudomonas. Yawanci wani magani mai suna sifurofuloksasin ake bayarwa, idan kuma mugunya ta riga ta taru sai an tsaga an fitar da ita, an ɗinke fatar a danne a kan guringuntsin, wani lokacin a kwantar da mutum a yi masa magani ta jijiya.

Wani abin da zai iya tayar miki da hankali shi ne ɗan ƙurjin da yake fitowa a bakin hujin bayan wasu makonni. Galibinsu ba kiloyid ba ne, alama ce cewa ana takura wa wurin, ko da kwanciya a kansa, ko igiyar niƙabi, ko sandar da ta yi tsawo tana lilo, kuma sukan sace idan aka kawar da dalilin. Kada ki matse shi ko ki ɗaure shi da zare. Wanda ya yi tauri, yake ci gaba da girma wata bayan wata yana wuce bakin hujin, shi ne za a kai wa likitan fata da wuri, tun yana ƙarami allura tana iya kwantar da shi. Sandar farko ana sa ta da ɗan tsawo saboda kumburi, don haka ki koma wurin wadda ta huda ki bayan kamar wata biyu ta duba ko lokacin sauya ta da gajeriya ya yi, kuma ita za ta sauya, ba ke ba. Rashin jin zafi ba ya nufin an warke, domin ramin yana warkewa ne daga waje zuwa ciki, kuma a shekarar farko idan aka cire sandar na 'yan sa'o'i yana iya tsukewa. Idan za a yi miki hoton MRI ko tiyata, ki sanar da su tun da wuri a shirya abin roba da zai riƙe ramin.

Domin bikin yayarki, akwai sandar maƙalawa da ake sayarwa wadda take kama gefen kunne ba tare da huji ba, ki sa ta da yamma ki cire kafin ki kwanta. Bayan biki ki nemi ganin likitan fata ta Sehhaty, manhajar Ma'aikatar Lafiya, ko a mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ki tafi da hoton kunnen gwaggonki idan ta yarda, ki nuna masa duk wani tsohon tabo da ke jikinki, sannan idan ya ba ki dama ki sa ranar hujin a cikin Disamba ko Janairu.